Sunan da Na Cire Daga Allon Biro

Sa'adatu, ranar da kika dawo daga biki a Adjamé kika tsaya a ƙofar ɗakina ko mayafi ba ki cire ba, kika ce wata tsohuwa ta nuna ki da baki ta ce wa ta kusa da ita, "'Yar wadda ta goge sunan yayanta ce." Na ce miki ki je ki ci abinci. Ban iya ba da amsa a tsaye ba, tun ina yarinya haka nake, sai na zauna da takarda. To ga amsar, ke da ƙannenki. Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, na goge sunan. Abin da ba ta faɗa miki ba shi ne yadda sunan ya hau wurin tun farko.

A shekarar da abin ya faru ina ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin kwamfuta. Baba, kakanku, ya zo Abidjan daga Adar da buhunan albasa tun yana saurayi. Daga baya ya bar albasa ya buɗe biro, wato ofishin shigar da kaya da fitar da su, a Treichville, ɗaki biyu a saman wani shagon tayoyi, tsakanin babban masallaci da tashar jiragen ruwa. Aikin biron takardu ne: ɗan kasuwa ya kawo kayansa, a haɗa masa dosiye, wato fayil ɗin takardunsa, a bi duwan, wato kwastan, a ga kontena ta shiga jirgi ko ta fito. Kawunku Lawali shi ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda iyayenmu ke yi wa ɗan fari, sai dai ya ce "yayanku". Yaya Lawali dogo ne, mai murya, babu direban kamyo, wato babbar motar kaya, ko ɗan dako a tasha da bai san shi ba. Idan takarda ta maƙale a wani ofis, shi ake turawa, ya shiga da dariya ya fito da ita. Ni kuwa a gidan nan idan baƙo ya kwana uku ba lalle ya ji muryata ba. Ina so ku riƙe abu ɗaya: lokacin da Baba ya ce karatun 'ya mace ya isa haka, Yaya Lawali ne ya zauna da shi har ya sauko. Shi ya kai ni makarantar a bayan babur ranar farko, ya ce wa mai gadi, "Ka gane ta da kyau, wannan ita ce ƙwaƙwalwar gidanmu." Na ji kunya har na kasa ɗaga kai.

Mutum na uku a wannan labari shi ne Tonton Kwasi, wato Kawu Kwasi, babban magatakardan biro. Ba Bahaushe ba ne, ba Musulmi ba, amma ya fi shekara ashirin yana aiki da Baba, kuma babu suna ko biki a gidanmu da bai zo ba. Da Faransanci muke magana da shi, ina mayar muku da maganarsa Hausa ne.

Kafin in fara zuwa biro, ruwan sama ya taɓa yoyo ta rufi ya kashe kwamfutar da ke riƙe da dosiyoyin mutane. Sai aka ɗauko wani injiniya ya mayar da komai kan sabar. Sabar babbar kwamfuta ce da ke wani gini a wata ƙasa, kuna haya kuna aiki da ita ta intanet, ba ku taɓa ganinta ba. Masu sana'ar suna cewa tana cikin gajimare. Da Inna, kakarku, ta ji haka ta ce to Allah Ya sa kada wata rana a yi ruwa da takardun mutane. Injiniyan ya bar mana guda biyu, ɗaya ta aiki, ɗaya ta gwaji inda ake gwada gyara kafin a taɓa ta aikin. Ya bar wa Tonton Kwasi takarda ɗaya da aka rufe da leda, ɗauke da umarni shida ko bakwai: yadda ake shiga, yadda ake tayar da manhajar dosiye idan ta tsaya, yadda ake ganin abin da ya fi cin wuri, yadda ake goge shi. Sannan ya samu aiki a waje ya tafi. Baba ya ce tunda ga 'yar gida tana karatun abin, in riƙa zuwa Laraba da Asabar ina dubawa.

Ba a shiga sabar ta allo mai hotuna kamar wayoyinku. Baƙin allo ne, ka rubuta sunanka da kalmar sirri, sai ta amsa maka da wasu layuka kafin ta ba ka damar yin komai. Waɗannan layukan su ne saƙon maraba. Wanda ya zo da tamu, kamfanin da muke haya a wurinsa ne ya sa shi, da Ingilishi, dogo, rabinsa talla. Kuma iri ɗaya ne sak a na'urorin biyu. Wata Laraba na tarar da Tonton Kwasi ya yi minti ashirin yana tayar da manhaja a na'urar gwaji yana zagin intanet, alhali ta aiki ce ta tsaya.

"Ma fille," ya ce, wato 'yata, "ni wannan baƙin abin duk lokacin da na shiga sai ya yi mini huɗuba da Turanci. Ko gaisuwa ce, ko zagi ne, ban sani ba. Ba za ki koya masa magana kamar mutum ba?"

Wannan aiki ne da aka koya mana a rabin darasi guda, malamin ma ya ce ba shi da muhimmanci. Ni na ɗauki mako biyu a kansa. Saƙon yana zaune ne a fayil ɗin rubutu, kuma ana iya haɗa masa 'yan ƙananan umarni da za su duba halin na'urar su rubuta sakamakon duk lokacin da wani ya shigo. Na fara da kashe tallan kamfanin. Na zana sabon saƙon a littafina da rula, ina ƙirga haruffan kowane layi don kada ya karye a ƙaramin allon Tonton Kwasi. Na cire duk haruffan Faransanci masu alama a ka, domin tsohuwar kwamfutarsa tana mayar da su shirme. Na sa na'urar gwaji ta yi gaisuwa da kore, ta aiki da ja. Na gwada sau goma sha a ta gwaji kafin in taɓa ɗayar. Da Faransanci na rubuta, amma ga abin da yake cewa:

Assalamu alaikum, barka da zuwa.
Wannan ita ce na'urar AIKI. Abin da ka goge a nan ya tafi.
Wurin ajiya ya cika kashi kaza cikin ɗari.
Kwafin ajiya na ƙarshe: ranar kaza.
Idan akwai matsala, a kira mai kula da na'ura:

Layuka huɗun farko na'ura ce ke cika su, kuma ba ta ƙarya. Na biyar ni zan cika, kuma ya kwana uku babu komai a gabansa. Na san sunan da ya kamata ya hau. Amma na dubi abin kamar yadda muke duban ƙofar gida. A wurinmu idan baƙo ya yi sallama ya tambayi mai gida, ba ƙaramar 'ya ce ke fitowa ta ce ga ni ba, ko da ita ta share tsakar gidan ta dafa abincin. Babba ake nunawa. Ga kuma lambar waya. Babu ko ɗaya daga ma'aikatan biro da ke da lambata, ba a yin haka da 'yar patoro, wato mai gidan aiki. Na sami Inna a madafi tana yanka kuɓewa, na yi mata bayani a taƙaice.

"Lambarki?" ta ce, ba ta ko ajiye wuƙar ba. "A allon da ƙartin tasha ke kallo? Da yayanki a raye? Barira, karatun nan fa kada ya fitar miki da ido."

Gaskiya ko ba ta faɗa ba abin da zan yi ke nan, na je ne don in ji wani ya faɗa mini. Ranar Asabar na rubuta sunan Yaya Lawali da lambarsa. Ban tambaye shi ba. Da ya gani bayan kwana biyu, Tonton Kwasi ne ya nuna masa, ya yi dariya har ana ji a shagon tayoyi.

"Ku zo ku gani, Barira ta naɗa ni sarauta! Mai kula da na'ura! Ni da ko kunna ta ban iya ba."

Ya ɗauki hoton allon da wayarsa yana nuna wa abokansa a tasha. Ya ji daɗi, ni ma na ji daɗin jin daɗinsa. A raina na ce idan aka kira shi, ai kirana zai yi. Ban faɗa masa haka ba, na ɗauka a fili yake.

Wata uku komai lafiya. Tonton Kwasi bai ƙara ɓata tsakanin na'urorin biyu ba, yakan ma amsa sallamar da ƙarfi idan ya shiga, don ya ba Baba dariya. Sai lokacin mangwaro ya zo. Kontenoni suna saukowa daga arewa, kowace da tarin takardu, kowace takarda ana ɗaukar hotonta a zuba a sabar. Na ga lambar wurin ajiya tana hawa, tamanin, tamanin da biyar. Ƙara wuri yana buƙatar izinin Baba, kuma ba na zuwa wurin Baba kai tsaye da maganar aiki, ta Yaya nake bi. Na same shi yana ɗaure takalmi zai fita, na ce masa a hankali na'urar tana cika, akwai tsofaffin abubuwa da ke son shara, kuma a ƙara wuri. Ya ce to, to, zai yi wa Baba magana. Ya manta. Ni kuma na ji nauyin maimaitawa. Na ce ranar Asabar zan yi sharar da kaina.

Ranar Alhamis na'urar ta cika. Abin da ya faru a biro da safiyar nan Tonton Kwasi ne ya ba ni labarinsa daga baya. Akwai wata Madam Kone, 'yar ƙabilar Jula, tsohuwar mai hulɗa da Baba, tana da kontenar mangwaro biyu da za su shiga jirgi, kuma ƙarfe huɗu na yamma ake rufe karɓar takardun wannan jirgin. Wajen ƙarfe goma manhaja ta ƙi karɓar sabon abu. Tonton Kwasi ya shiga sabar, ja ya gaishe shi, ya ga wurin ajiya ya cika kashi ɗari. Ya karanta layi na biyar, ya yi abin da layin ya ce. Yaya Lawali yana mahaɗar Indénié a lokacin, a tsakiyar direbobi, ana rigimar wani kamyo da ya lalace. Ya ɗauki waya a gabansu.

"Patoro ƙarami, na'ura ta cika, ta ƙi aiki. Me zan yi?"

"Tsofaffin kaya ne suka cika ta. Duba abin da ya fi cin wuri ka share."

"Ka tabbata? Ja fa ce. An rubuta abin da na goge ya tafi. Ba za mu nemi ƙanwarka ba?"

"Tonton, sunan wa ka gani a allon?"

Tonton Kwasi ya ɗauko takardarsa mai leda, ya duba abin da ya fi cin wuri, ya goge. Abin da ya fi cin wuri ba tsofaffin kaya ba ne. Kundin hotunan takardun mutane ne gaba ɗaya, har da na Madam Kone da aka ɗauka da safiyar nan, waɗanda direbanta ya riga ya koma da na asalinsu.

Duk wannan lokacin ina ɗakin karatu na makarantarmu, gada ɗaya ce tsakanina da biro, wayata tana kan tebur kusa da littafina. Da an kira ni ƙarfe goma, aikin minti biyar ne, ko tashi daga kujera ba sai na yi ba. Ba a kira ni ba sai bayan azahar, kuma ba ni Yaya ya kira ba. Inna ya kira ya ce ta turo ni biro. Na iso na tarar da Madam Kone a tsaye a kan matakala da ɗankwali a hannu, Baba yana ba ta haƙuri da Julanci. Na zauna na fara dawo da kwafin ajiya na daren jiya. Abin yana tafiya a hankali, babu yadda za a yi a gaggauta shi. Aka aika a nemo direban da takardun asali, aka same shi ya yi nisa a hanyar Yopougon cikin cunkoso. Ya iso biyar saura. Jirgin ya tafi babu mangwaron, na gaba kuma sai bayan mako guda. Mangwaro ba ya jiran mako guda yadda mai saye a Turai yake so. Madam Kone ba ta ƙara tako matakalar nan ba, kuma ta tafi da mutum uku da ita ta kawo su.

Washegari Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Baba ya tara mu a ɗakinsa na biro, ni da Yaya da Tonton Kwasi. Bai cire babbar rigarsa ba. Ya tambayi Yaya abin da ya faru, yana kallon tebur. Yaya ya ce na'ura ce ta cika, aka yi ƙoƙarin gyarawa, aka samu kuskure wajen gogewa. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi wanda ya ba da umarni ba. Baba ya juya ga Tonton Kwasi.

"Kwasi, hannunka ne ya goge?"

"Hannuna ne, Alhaji."

"Ka ga jan rubutun?"

"Na gani."

Tonton Kwasi bai ambaci wayar da ya buga ba. Ba zai tona ɗan patoro a gaban ubansa ba, ya gwammace ya tafi. Baba ya fara maganar da kowa ya san inda za ta ƙare: shekara ashirin ba wasa ba ce, amma amanar mutane ta fi ƙarfin sabo. Tonton Kwasi ya sa hannu a aljihu yana laluben makullin biro. Ni ban taɓa katse Baba ba a rayuwata. Na ji muryata ta fito, ƙarama, kamar ta wata.

"Baba, ba laifinsa ba ne. Allon ya ce a kira mutum, ya kira. Ba laifin Yaya ba ne kuma, an kira shi a gaban mutane ya amsa. Ni na rubuta cewa Yaya ne mai kula da na'ura, alhali na san ba shi ba ne. Layi biyar ne a allon, huɗu gaskiya ne, ɗaya ni na yi ƙarya."

Na yi nufin in ɗauke laifin daga kan kowa. Sai da na rufe baki na gane na faɗa wa Baba abin da Tonton Kwasi ya ɓoye. Baba ya ɗaga kai ya dubi ɗansa, abin da ba ya yi a gaban mutane.

"Kai aka kira?"

"Ni aka kira."

"Ka san aikin?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Baba ya ce wa Tonton Kwasi ya mayar da makullinsa aljihu ya koma teburinsa. Ni kuma ya ce mini, "Ke kika rubuta, ke za ki gyara." Na ce sunan wa zan sa. Ya ce bai san na'ura ba, abin da ya sani shi ne ba ya son ya sake tsayawa a kan matakala yana ba mace haƙuri.

A gida Inna ta nemo mafita irin tata. Ta ce a bar sunan Yaya a sama, a sa nawa a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, kowa ya tsira da mutuncinsa. Na so wannan shawarar ƙwarai. Na kai wa Tonton Kwasi ita da safiyar Asabar.

"Ma fille, idan gida yana ci da wuta, lambar farko nake bugawa. Idan na tsallake ta na kira ta biyu, na zagi yayanki da kaina. Idan ban tsallake ba, mun koma Alhamis. Ku daina sa ni a tsakiyar kunyarku, ni tsoho ne."

Na yi tunanin in koya wa Yaya aikin, sunan ya zama gaskiya. Na yi tunanin in sa lambar Inna. Na yi tunanin in goge layin gaba ɗaya. Kowanne na bi shi har ƙarshe a littafina, kowanne ya ƙare da wani yana tsaye gaban jan allo bai san wanda zai kira ba. Sai na ce aƙalla ba zan bari Yaya ya ji a bakin ma'aikata ba. Na hau mota na same shi a Indénié, a rumfar mai shayi inda direbobi ke zama. Da ya gan ni ya taso ya ja ni gefe, don ba wurin zaman mace ba ne. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa zan canza layin, na ce ko kuma idan yana so in koya masa, wata uku sun isa.

"In zauna ƙanwata tana koya mini a gaban Kwasi?" Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ido ba. "Barira, ni na ce ki sa sunana?"

"A'a, Yaya."

"Ina zaman zamana, ina aikin da na iya. Babu wanda ya taɓa cewa Lawali bai san aikinsa ba. Ke kika ɗauke ni kika ɗora a inda ban iya ba, na nuna wa duk tasha hoton. Yanzu kuma ke za ki sauke ni, kowa yana kallo. Da kin sa sunanki tun ranar farko, wallahi ni zan fi kowa alfahari. Ni na kai ki makarantar."

 Na ce ya yafe mini. Ya ce in je in yi aikina, ya tsayar mini da mota, ya biya direban, ya juya.

Da yammacin ranar na zauna a teburin biro na buɗe fayil ɗin. Na gwada a kore tukuna, kamar kullum. Na goge sunansa da lambarsa, na rubuta Barira da lambata. Na ƙara layi ɗaya a ƙasa: kada a goge komai kafin a kira. Na kuma sa lambar wurin ajiya ta riƙa aiko mini da saƙo da kanta idan ta haura tamanin, don kada in sake dogara da ƙarfin halina wajen tunatar da babba. Duka aikin bai kai minti goma ba. Ranar Litinin Tonton Kwasi ya shiga, ya karanta, bai amsa sallamar da ƙarfi ba. Ya kwafe lambar a bayan takardarsa mai leda ya ce, "Yako, ma fille." Haka mutanen nan ke cewa wanda abu ya sama.

Yaya Lawali bai ƙara hawa matakalar biro ba. Ya ce wa Baba zaman ofis bai karɓe shi ba, ya koma harkar kamyo tsakanin Abidjan da Niamey, kuma ya yi nasara a ciki, kun ga gidansa. Biro ya yi rashinsa. Takardun da yake fitarwa da dariya a awa ɗaya sai da muka riƙa kwana biyu a kansu, wasu masu hulɗa da mu don shi suke zuwa, suka bi shi da ƙafa. Inna ta yi wata biyu tana ba ni abinci ba ta kallona. A unguwa labarin ya zama cewa 'yar boko ta ture yayanta don ta gaji biro, kuma da Baba ya rasu biron ya dawo hannuna, sai labarin ya samu gindin zama. Ban taɓa tsayawa na musa ba. Musawar tana buƙatar in faɗi abin da ya ce wa Tonton Kwasi a waya, kuma na riga na tona shi sau ɗaya.

Bai yi gaba da ni ba, kada ku fahimce ni ba daidai ba. Da aka ɗaura mini aure shi ya tsaya a kan komai. Ranar sunanki, Sa'adatu, shi ya kawo rago, ya ɗauke ki ya yi miki addu'a, ya yi hira da babanku har la'asar. Ni ya ce mini, "Sannu da ƙoƙari," kamar yadda ake cewa matar maƙwabci. Idan na gaishe shi yana amsawa. Bai ƙara tsokanata ba, ke nan. Wanda bai san shi da ba, ba zai ga abin da ya ɓace ba.

Tun daga lokacin na rubuta saƙon maraba a na'urori da yawa, namu da na wasu, kuma duk wanda na koya wa aikin ina sa shi ya rubuta sunan wanda zai iya gyarawa, ko shi ne mafi ƙanƙanta a gidan. Suna ɗauka ƙa'idar sana'a ce kawai, ina barinsu a haka. Ku ne kaɗai na faɗa wa sauran. Idan wata ta sake nuna ku da baki, kada ku yi musu da ita, kada kuma ku kai wa kawunku wannan takardar. Bai yi mini komai ba. Girmama shi na tashi yi ba tare da na tambaye shi ba, shi ya biya.

Juma'a mai zuwa babanku zai kai ku Adjamé ku gaishe shi, ƙafarsa ta sake kumbura. Ku durƙusa sosai, ku zauna ya ba ku labarin hanyar Niamey ko kun taɓa ji. Idan za ku taso ku ce masa ina gaishe shi. Ba zai tambaye ku ni ba, amma ku faɗa.